Tukunya ɗaya ta isa: yadda ake girki a gidan da ciwon sukari ya shiga

Idan likita ya ce wani a gidanki yana da ciwon sukari, kada ki ɗora masa tukunya daban. Na yi aikin jinya a ƙananan asibitocin karkara da kuma nan cikin Garwa har na yi ritaya, maigidana kuma yana fama da ciwon, saboda haka na ga abin a ɗakin awo, na gan shi a bakin murhu. Tukunyar mara lafiya ba ta tsawon rai. Makon farko da ɗoki ake yi: a sayo acca da tsada, a yi miya lami ba mai ba gishiri, a kai masa ɗaki shi kaɗai yana jiyo ƙamshin dafa-duka daga tsakar gida. Kafin wata ya mutu cefane biyu ya gagari aljihu, mai girki ta gaji, shi kuma ya fara biyawa wurin mai shayi kafin ya shigo. Ga shi ciwon yana bin jini. Yaran da aka bari da farar shinkafa da lemo su ne za su gaje shi in ba a yi hattara ba. Tukunyar gida gaba ɗaya za ki gyara kowa ya ci daga cikinta, kuma da abin da ke kasuwarmu za a yi, ba sai an shiga kanti ba.

A fara da awo

Kafin ki canza komai a madafi, ku san inda kuke. Awon sukari da safe ake yin sa, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai sa komai a baki ba sai ruwa. A asibitocin Kamaru da Cadi yawanci da giram a lita ake rubutawa. Idan ya kai 1.26 ko ya wuce, aka sake wata rana ya kuma kaiwa, ciwon sukari ne. Tsakanin 1.10 da 1.25 ciwon bai zauna ba tukuna amma ya kusa, kuma a nan ne gyaran abinci ya fi yin aiki. Wasu na'urorin hannu 126 suke nunawa maimakon 1.26, wasu kuma 7.0. Duk abu ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta, kada lambar ta firgita ki. A zama ɗaya a gwada hawan jini. In yana tsayawa kan 14 da 9, wato 140 da 90 a wasu na'urori, ko sama, shi ma sai an kula, domin su biyun sukan zo tare, tare kuma suke cin ƙoda da ido da jijiyoyin zuciya, har su kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Masu zuwa awon su ne duk wanda ya haura shekara 40, da wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ke da ciwon, da mai teɓa, da macen da ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye. Kada a jira ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama, balle a jira sai tururuwa ta taru inda aka yi fitsari. Ciwon yakan yi shekaru yana ɓarna shiru. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke ɗauke da shi a yankinta na Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su sani ba. Ɗan ƙasarmu ne ma, Farfesa Jean Claude Mbanya na Yawunde, ya shugabanci wannan ƙungiya daga 2009 zuwa 2012, binciken da ya yi da abokan aikinsa a Kamaru kuma ya nuna ciwon da ƙiba sun fi yawa a birni a kan ƙauye. Wannan bai ba ni mamaki ba. Amma kada a ce ciwon masu kuɗi ne. Na auna masu tura amalanke na same su da shi, na auna ramammu na same su da shi.

Abin da ke faruwa a jiki ba shi da wuyar ganewa. Tuwo da shinkafa da burodi da rogo da taliya, duk da ba su da zaƙi a baki, in sun isa hanji sukari suke komawa su shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai fitar da insulin, shi ne ke shigar da sukarin cikin tsoka da hanta. In kitse ya taru a ciki da hanta sai jiki ya rage jin insulin, gaɓar ta yi ta ƙara ƙoƙari har ta gaza, sukari ya zauna a jini. Wannan shi ne nau'i na biyu, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ke da shi. Nau'i na ɗaya, mai yawan kama yara, daban ne: jikin ba ya yin insulin, allura dole ce, babu abincin da zai maye gurbinta. Abu biyu za ki riƙe a ranki kullum kina gaban murhu, yawan sukarin da abinci zai zuba a jini da saurin da zai zuba shi. Farin gari da lemo wutar kara ne, su tashi bal su mutu mutum ya sake jin yunwa. Hatsi da dusarsa da wake kuwa gungumen icce ne, a hankali suke ci.

Abin sha

Da nan za ki fara, don nan ɓarnar ta fi yawa, gyaran kuma ba ya cin ko dala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga lafiyayyen babba, in ya sauko 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya wajen giram 5 ce. To, ki lissafa. Kofin shayi da ƙwaya uku, sau huɗu a yini, giram 60 ke nan tun ba a kai ga kunu ba. Lemon kwalba yawanci yana da wajen giram 10 a kowane mililita 100, wato kwalbar santilita 60 ƙwaya 12 ce. Ba wanda zai zauna ya tauna ƙwaya 12, amma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, mutum zai shanye ta a tsaye a ƙofar shago ya nemi ƙari. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne. Zoɓo da lemon citta na leda da yara ke saya a ƙofar makaranta, duk wadda ta taɓa haɗa su na sayarwa ta san kofi nawa na sukari ke shiga bokiti.

Lemo a daina shigo da shi gida, a bar shi na ranar salla ga masu lafiya. Shayi kuwa ba a yanke shi rana ɗaya, in kika gwada rigima za ki saya. Ki daina zuba sukari a cikin buta, ki kawo shi daban a ɗan faranti, ƙidayayye. Ki rage ƙwaya ɗaya ki bari harshe ya saba na mako biyu, sannan ki sake ragewa, kina ƙara na'ana'a da citta da kanumfari su cike gurbin. Ranar da muka sauko ƙwaya ɗaya, maigida ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Hajiya, sukari ya ƙare a Kamaru ne?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a sha, idonka da ƙafarka nake tsarewa." Yanzu in ya sha na waje shi ke cewa ya yi masa zaƙi. Zoɓo ki dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki sanyaya, ba sukari. Tsamiya ma haka. Sauran ƙishirwa kuma ruwan randa ya ishe ta.

Akwai masu cewa ai sun bar sukari sun koma zuma. Zumar Adamawa tana da kyau, amma wajen kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, jini kuma ba ya tambayar daga ina ya fito. Dabinon Faya ma haka, ɗaya ko biyu, ba cikin tafi ba.

Wurin mai inji

A nan ne nake ganin mun fi cutar kanmu ba tare da mun lura ba. Dubi abin da muke yi wa masara: a surfa, a jiƙa ta kwana, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, har sai tuwo ya fito fari tas mai sulɓi, sannan a ce mace ta iya girki. Ita kuwa dusar nan da ɗan idon da ke tsirowa su ne ke ɗauke da abin da ke rage saurin narkewa, su ke riƙe ciki, a cikinsu kuma yawancin sinadaran gina jiki suke. Mukan kwashe su mu zuba wa tumaki. Ragon layya ke cin rabon lafiyarmu, mu mu ci sitacin zalla.

Ga yadda za ki mayar da dusar. Ki sayo gero ko dawa ko masakwa, ko masara in ita gidan ya saba da ita. Ni kasuwar Pitowa ta Lahadi nake aikawa in kaka ta yi. Ki sheƙe, ki rege tsakuwa, ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi funfuna ki zubar. Wannan tsintar ba abin wasa ba ce, musamman a masara da gyaɗa, domin funfunar tana da gubar da ke cutar da hanta, kuma tunda ba za a surfa ba, ke ce za ki raba ta da hatsin. Ki wanke sosai, ki shanya ya bushe ƙarau. In kin aika inji a ce masa niƙa kawai, ban da surfe, in ya yi tsaki a sake zagayawa. Zai yi zaton yaron ne bai ji saƙo daidai ba, don haka karon farko ki je da kanki. Tankaɗe da rariya mai manyan ido, abin da ya rage a kai ki zuba shi a talge. Garin nan ya fi shan ruwa kuma ya fi son wuta, ki bar talgen ya nuna sosai kafin ki tuƙa, in ba haka ba za a ji gari-gari a baki a ce ba za a ƙara ci ba. Kada ki niƙa da yawa. Na mako ɗaya ya isa, domin man da ke cikin idon hatsin yakan sa gari ya canza wari a zafin nan namu.

Kada ki kawo wa gida tuwon dusa zalla daren farko. Ki gauraya rabi da rabi da garin da aka saba, ki yi shiru, ki haɗa shi da miyar da aka fi so. A hankali ki riƙa ƙara wannan kina rage wancan. Tsofaffi ba sa ba da wahala, su sukan ce ma ya tuna musu da tuwon da. Samari ne masu ƙorafi, su kuma yunwa takan sasanta ku.

Sai dai in ja kunnenki a kan wata magana da ta bazu, wai gero da acca da alkama ba su da sukari, mai ciwon ya ci iya cikinsa. Ba gaskiya ba ne. Duk hatsi ne, duk sitaci ne, saurin ne kawai ya bambanta. Kuma hatsi ɗaya ma, yadda aka sarrafa shi yana canza saurinsa: geron da aka tace aka dama kunu ya fi na tuwo saurin hawa jini, balle in an zuba sukari. Kunun gyaɗar nan namu na shinkafa da tsamiya, mai ciwon ya sha ƙaramin kofi ba sukari, tare da abin taunawa, ba kwano guda a cikin da ba komai ba. Fura ma a dama ta da nono mai yawa fura kaɗan.

Sai maganar yawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: malmalar mai ciwon kada ta wuce dunƙulen hannunsa, in mai aikin ƙarfi ne a ɗan ƙara. Matsalar ita ce mazanmu a tire ɗaya suke ci da baƙi da 'yan'uwa, ba mai sanin abin da ya ci. Ban raba musu tire ba, don raba shi cin fuska ne. Malmalar na ƙanƙanta, na koma kwashewa da ƙaramar mara, ta yadda kowa zai ja tasa gabansa. Alhaji ya san tasa ɗaya ce, baƙo ya ci uku ba wanda ya lura. Miya kuma na ninka ta, kwano biyu maimakon ɗaya.

Shinkafa, ko ta Yagwa ce ko ta buhun waje, in fara ce da sauri take hawa. Ki dafa ta da wake, rabi da rabi, ki yanka kabeji ko latas da tumatir da albasa a kai. Doyar Mbe da dankali da rogo a madadin tuwo suke, ba ƙari a kansa ba.

Miya ita ce abincin

Mun ɗauki miya abin da ake shafa wa loma don ta wuce. Ki juya lissafin: rabin abin da ke gaban mutum ya zama ganye da kayan lambu, sauran rabin a raba tsakanin tuwo da wake ko kifi ko nama. Hukumar Lafiya ta Duniya giram 400 na ganye da 'ya'yan itace take so mutum ya ci a rana, mu kuwa Allah ya hore mana su ba tsada: yakuwa, zogale, tafasa, lalo, karkashi, rama, alayyahu, ganyen wake, kuɓewa ɗanya da busasshiya, kuka, gauta, kabewa. Miyar ta yi kauri da ganye har a ci ta da cokali. Kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuli-ƙuli a fara da shi kafin tuwo, yana tare ciki, loma ta ragu da kanta. Da damina in ganye ya yi araha ki shanya a inuwa, ba a rana ba, ki adana na rani.

Kifin Lagdo, karfasa ko tarwaɗa, ɗanye ko banda, ya fi nama mai kitse. A gasa ko a sa a miya maimakon soyawa kullum. Nama ba a hana ba, a yanke kitsen ne, a kuma gaya wa mai tsire kada ya haɗa da shi. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, shi likita ne zai faɗa masa iyakar ganye da wake da naman da zai ci, wannan shawarar tawa ba tasa ba ce.

Gishiri kada ya kai giram 5 a rana ga mutum ɗaya, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye a burodi da kilishi da busasshen kifi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu murza huɗu a tukunya mu bi da gishiri mu bi da kanwa, alhali kanwar ma danginsa ce wurin tayar da hawan jini. Ki zaɓi ɗaya ki rage sauran. Daddawa, ko ta kalwa ko ta batso, da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi suna ba miya ɗanɗanon da ba za a nemi magi da yawa ba. Wake ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai da kanwa ba. Mai kuwa, na auduga ne ko na gyaɗa, a daina tuttulawa daga galan. Ki ajiye cokali ɗaya na awo ki san nawa ke shiga, miyar da mai ke kwance a samanta ta yi yawa. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi a zubar.

Karin kumallo shi ya fi ba mutane wahala, saboda fanke da burodi da shayi mai madara su ne a kusa, duk kuma farin gari ne da sukari. Ɗumamen tuwon jiya da miyarsa ya fi su nesa ba kusa ba. Haka dafaffen wake, ko alale, ko ƙwai da tumatir da albasa da ɗan guntun burodi, ko kindirmo ba sukari. Ƙosai ya fi fanke, sai dai a tsane masa mai. Tsakanin abinci in baki ya nemi abin taɓawa, ga gyaɗa cikin tafi, ga gurjiya, ga goruba da gwaiba. Lokacin mangwaro ne na fi ganin awo yana tashi a asibiti, don sai mutum ya zauna gaban kwano ya ce ai ɗan itace ne. Ƙarami ɗaya bayan abinci, a sha shi da jikinsa, ba a matse ruwan ba.

Ko duk wannan wahalar tana biya? An gwada. A Finlan an fitar da sakamakon wani bincike a 2001, a Amurka kuma a 2002, duka a kan mutanen da sukarinsu ya fara hawa amma ciwon bai zauna ba. Waɗanda aka taimaka wa suka gyara abinci, suka rage nauyi, suka riƙa motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100 a duka wuraren biyu. A na Amurka, waɗanda aka ba ƙwayar maganin sukari ta metformin kashi 31 nasu ya ragu. Nauyin da aka nemi su sauke bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, wato mai kilo 80 ya rage 5 zuwa 6. A Birtaniya kuma a 2017 an nuna cewa kusan rabin masu ƙiba da ciwon bai daɗe da kama su ba, da suka rage nauyi sosai ƙarƙashin kulawar asibiti, sukarinsu ya dawo daidai ba magani bayan shekara ɗaya. Lafawa ce, ba warkewa ba, in nauyin ya dawo ciwon ma yakan dawo.

In babu sikeli a gida, zare ya isa. Ki auna tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa, ki ninka zaren biyu, ki zagaya shi a ciki wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, teɓar ta yi yawa. Motsi kuma minti 150 a mako ake so, rabin awa sau biyar. Babur ɗin haya ya kashe mana tafiyar ƙasa, har masallacin unguwa sai a hau. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sauke sukari, saboda haka bayan tuwon dare maigida ya taka zuwa Isha'i a masallacin da ya fi nisa. Macen da ba ta fita, shara da daka da zagayen tsakar gida duk motsi ne.

Abin da ya fi gari da gishiri wuya shi ne bakin mutane. Maigida ya rage teɓa, dangi su fara tambaya ko lafiya, ko uwargida ta daina kula da shi ne. Ki riga su: ki sami uwar miji ko babbar yayarsa ki ce, "Inna, likita ne ya ce a rage, ina neman ki tayani da baki." In ta shigo cikin maganar, ita za ta tsawata wa sauran. Ranar biki ko suna kada a je da yunwa. A ci wake ko kwaɗo a gida, a can a taɓa nama da ɗan abinci don kada a ce an raina, lemon da aka miƙo a karɓa a ajiye a nemi ruwa.

Magani da azumi

Gyaran tukunya ba ya nufin ajiye magani. Masu tallar sassaƙe da garin ɗaci a kasuwa za su ce miki ɗaci ke kashe zaƙi, a jiƙa maɗaci ko darbejiya a bar ƙwayar asibiti. Na ga waɗanda suka bi wannan, an dawo da su da ƙafa ta ruɓe ko ƙoda ta tsaya. Shuwaka da zogale a ci su a miya, ganye ne masu kyau, amma ba su ne maganin ba.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen kuma. In abinci ya ragu magani bai ragu ba, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide, sukari yakan faɗi ƙasa da 0.70. Alamarsa rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewar magana. Nan take a jiƙa ƙwayar sukari 3 a ruwa ya sha, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti. Don haka mai irin wannan magani ya riƙa yawo da ƙwayar sukari a aljihu, kuma ki gaya wa likita kin canza girki don ya duba ko za a rage adadin.

Azumi tun Rajab ko farkon Sha'aban ake zuwa a yi maganarsa da likita, ba daren ganin wata ba. Mai allura, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da tsohon da sukarinsa ke yawan faɗuwa, galibi za a ce su sha, Alƙur'ani kuma ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Wanda aka yarje wa ya jinkirta sahur, ya yi shi da tuwo mai dusa ko wake, ya sha ruwa sosai. Buɗa-baki da ruwa da dabino ɗaya ko biyu da alale, a yi salla, sannan a ci abinci daidai na kullum, ba kunu da fanke da lemo da shinkafa a zama ɗaya ba. In awon rana ya sauka ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3, a karya, ko da saura kaɗan a kira Magariba.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da awon safe da abin da aka ci daren jiya. A nan za ki gane abincin da ke tayar wa mutuminki, don ba kowa jikinsa ke amsa abu iri ɗaya ba. Akwai awon da ake kira HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na kimanin wata uku, ga yawancin manya ana so ya zauna ƙasa da kashi 7, a yi shi aƙalla sau biyu a shekara in da hali. Ido da ƙoda sau ɗaya a shekara. Ranar komawa asibiti ku tafi da littafin da kwalayen maganin duka, kuma ko likita bai tambaya ba, a cire takalmi a ce ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.